Ranar da Mak Suka Faɗa Kaskon Turare

Lokacin da na fara tuƙa Muhandis, abin da na sani game da Jamus bai wuce motocinsu ba. Daga Damagaram na zo Jidda da niyyar hajji. Na sauke farali, na ga 'yan garinmu suna samun na kansu, sai na ce bari in ɗan tsaya in nemi guzurin komawa. Na yi dako a Bab Makka, na wanke motoci a Bagdadiyya, har Allah ya haɗa ni da wani kafili, wato ubangida mai tsaya wa baƙo, mai kamfanin gyaran ɗakunan sanyi. Ya yi mini iƙama, takardar izinin zama, ya miƙo mini mabuɗin wata farar mota. Aikina shi ne kowace safiya in ɗauki injiniyan kamfanin daga ofis a Bagdadiyya in kai shi Khumra, inda manyan ɗakunan ajiyar kaji da nama suke, in jira shi ya gama, in dawo da shi.

Bajamushe ne, dogo, rana ta mayar da wuyansa ja wur. Kowa Muhandis yake ce masa, wato injiniya, har shi ma idan ya ɗaga waya haka yake kiran kansa. Ni kuma "ya Hajji" yake ce mini. Larabcinsa na warsha ne, wato na wurin gyaran injina, wanda ya tsinta a bakin Yamalawa da 'yan Pakistan, nawa kuma na kasuwa. Inda duka biyun suka gaza sai mu cike da ɗan Faransancin da na kwaso a lakkol, makarantar bokonmu ta can gida. A haka muka yi shekaru muna hira, kuma ban tuna ranar da muka kasa fahimtar juna ba.

Hanyar Khumra a wancan zamani fili ce fetal. Da ka wuce Waziriyya sai manyan motoci da tarin tsofaffin tayoyi da iskar teku mai gishiri. Akwai wani ɗan Afganistan mai gasa tamis a bakin hanya. Nan muke tsayawa mu sayi gurasar da zafinta, mu haɗa da ful, dafaffen wakensu, mu ci a tsaye jikin mota. Muhandis ba ya yarda a ba shi cokali. Yakan ce wanda ya ci ful da cokali bai iso Jidda ba tukuna.

A nan na yi aure, da 'yar wani dattijo ɗan Maraɗi, muka kama ciki da falo a Waziriyya. Burina ɗaya ne a lokacin: in gina gida a Damagaram. Duk abin da na rage sai in aika wa yayana ya ajiye, da nufin idan ya taru a sayi siminti da kwano gaba ɗaya. Shi kuwa mutum ne mai amana, bai taɓa ko sisi ba. A sefa ya ajiye su, cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa.

Wata safiya ina shan shayi kafin in fita, na ji a rediyo an karya darajar sefa, an raba ta biyu. Da farko ban damu ba, na ɗauka magana ce tsakanin gwamnatoci. Sai bayan kwanaki da na samu yayana a waya ya ce mini siminti ya yi tsalle, kwano ma haka. Abin da ke cikin akwatin yana nan yadda na aiko shi, amma ba zai kai aikin ko'ina ba. Ya dinga rantsuwa. Na ce, "Yaya, daina rantsuwa, na san ba kai ba ne." Abin da ya fi ci mini rai ke nan, babu ɓarawon da zan zaga.

Washegari na wuce kwanar Khumra ban sani ba. Ina ta tafiya kudu, sai na ji Muhandis ya ce, "Ya Hajji, Yaman za mu yau?"

Na juya mota, na ba shi haƙuri, na faɗa masa abin da ya faru. Sai ya ce in nemi inuwa in tsaya, kaji ba za su narke ba kafin mu isa.

Ya ce, "Kakata wanki take yi a wani otal. Bayan yaƙin duniya na farko kuɗinmu ya haukace. Da rana tsaka ake biyan ma'aikata, ba a jira yamma, domin abin da zai sayi burodi da azahar ba zai sayi ashana da magariba ba. Da an miƙa mata sai ta fita da gudu. Wata rana ta tarar an kwashe burodi, an kwashe dankali, babu abin da ya rage a kanti sai kyandir. Ta zube kuɗin duka ta sayi kyandir. Ta koma gida da kwando cike, yara suna kukan yunwa."

Na ce, "To me suka ci?"

"Ban sani ba. Abin da na sani, har na yi wayo akwai sauran kyandir ɗin a gidanta. Ba ta yarda a kunna."

Ya ce sau biyu aka yi musu haka. Bayan yaƙi na biyu kuɗin ya sake zama takardar banza, mutane suka koma ciniki da taba sigari. Shi ya sa da aka yi sabon kuɗi mai suna mak, aka kafa masa babban banki mai gadinsa, aka kuma rubuta a doka cewa gwamnati ba ta da ikon ba bankin umarni. Ya ce an taɓa yin wani shugaban gwamnati da ya fito bainar jama'a yana ɓaɓatu a kan bankin, mutanen bankin suka saurare shi da ladabi, suka ci gaba da abin da suke yi. Ya ƙara da cewa, "Babana a can ya yi aiki har ya yi ritaya. Idan ka zagi mak a gabansa, gara ka zagi uwarsa."

Bai ce mini in sayi mak ba. Ni na yanke wa kaina. Daga wannan wata, duk abin da na rage sai in shiga Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, wurin wani sarrafi mai canjin kuɗi, dattijo ɗan Hadramaut, in canza. Masu wayo a cikin abokaina sun ce da dalar Amurka na saya, ko in bar su a riyal tunda riyal bai yi mini laifin komai ba. Wataƙila suna da gaskiya. Ni dai labarin kyandir ne ya shige ni.

Matata ce ma'aji. Tana tara su cikin ambulan, ta sa a tsakanin zannuwanta. Ta fi son wata shuɗiyar takarda mai hoton mace. Takan ɗaga ta a haske ta ce, "Dubi wannan, ita kaɗai, har da sunanta a rubuce. Ko me ta yi musu?" Na tambayo Muhandis, ya ce kiɗa take yi. Matata ta riƙe baki. Ta ce lallai ƙasar nan da abin mamaki take, makaɗiya a jikin kuɗi.

Matata mai son turare ce. Kowace Juma'a da safe takan hura gawayi a kasko, ta zuba turaren wuta, ta kifa kwando a kai, ta shimfiɗa kayanmu ɗaya bayan ɗaya. Tun daga matattakala ake sanin gidanmu. Wata Juma'a ta warware wani zane a kan kaskon kafin ta kifa kwandon, ta manta cewa cikinsa ta mayar da ambulan ɗin. A daidai lokacin jaririyarmu ta faɗo daga katifa ta tsala ihu. Ta yar da zanen ta ruga. Kafin ta rarrashe ta ta dawo, warin da ke tashi ba na turare ba ne. Da hannunta ta tsamo ambulan ɗin daga garwashi.

Na dawo daga masallaci na same ta zaune a ƙasa, hannunta cikin kwanon ruwa. Ba ta kuka. Ta dube ni ta ce, "Malam, na ƙone maka gida."

Na waiwaya, na ga komai lafiya. Na ce, "Wane gida?"

Ta ce, "Na Damagaram."

Na buɗe abin da ya rage. Takardun sun manne da juna, gefe ɗaya baƙi ƙirin, yana marmashewa da an taɓa. Zuciyata ta yi nauyi, ba zan ɓoye ba. Amma da na ga yatsunta sun tashi sun yi ruwa, sai maganar da ta zo bakina ta koma. Na kai ta asibiti aka ɗaure hannun. Bayan kwana biyu na je wurin sarrafina. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Allah ya mayar maka, ya Hajji. Wannan babu inda zan kai shi." Ya ba ni shayi, na sha, na dawo.

Ban faɗa wa Muhandis ba. Kunya nake ji, kamar na wulaƙanta wani abu nasu. Matata ta sa ragowar a cikin gwangwanin alawa ta rufe, ta tura can ƙarshen kabad. Daga ranar ta daina turare. Na saya mata sabo mai tsada, ta karɓa ta yi godiya ta ajiye. Gidanmu ya koma warin albasa da sabulu kamar na kowa, kuma wannan ya dame ni fiye da kuɗin.

Da sanyin shekarar ya shigo, Muhandis ya ce mini mahaifiyarsa ta rasu tun bazara, tsohonsa ya rage shi kaɗai a Frankfurt, don haka ya nemo masa bizar ziyara ya zo ya sha rana. Muka je filin jirgi muka ɗauko shi. Na zaci zan ga dogo irin ɗansa. Sai ga ɗan tsamurmurin tsoho, gashi fari fat, da kwat da laktaye. Duk zamansa a Jidda ban taɓa ganinsa babu laktayen nan ba, har a bakin teku.

Mun kai shi bakin teku, mun kai shi kasuwar kifi, ya duba ya gyaɗa kai kawai. Da ɗansa ya tambaye shi abin da yake son gani, sai ya ce a kai shi inda ake canjin kuɗi. Muka tafi Balad da la'asar sakaliya.

Wanda bai ga layin sarrafai na wancan lokaci ba, da wuya ya yarda. Ƙananan shaguna ne a buɗe, babu gilashi, babu ɗan sanda. Kuɗin kowace ƙasa da alhazai ke zuwa daga cikinta yana nan a ɗaure da roba, an jera kamar kayan miya: na Indunusiya, na Turkiyya, naira, sefa, rufi na Indiya. Tsohon ya dinga tafiya a hankali, hannuwansa a baya. Muna isa shagon sarrafina aka kira magariba. Dattijon ya jawo wani yadi ya rufa a kan kuɗin, ya sa takalmansa, ya kama hannuna muka nufi masallaci.

Da muka fito na hango tsohon tsaye a gaban shagon, ƙafafu a haɗe, ƙirji a gaba, kamar soja. Muhandis ya ce ya yi ya yi da shi su je su zauna, ya ƙi. Wai ba zai iya ganin an bar kuɗi haka babu mai gadi ba. Sarrafin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya sa aka kawo kujeru da shayi, ya zaro wata tsohuwar takardar mak ya miƙa masa. Tsohon ya murza ta a yatsu, ya kai hanci. Ta sha turaren aljihun wani alhaji. Ya faɗi wata magana, ɗansa ya fassara: wai wannan takarda ta fi shi ganin duniya.

Shayin ne ya buɗe masa baki. Yana faɗa da Jamusanci, Muhandis yana juyawa da Larabcinsa na warsha. Ya ce ya dawo daga yaƙi ya tarar da garinsu kufai. Wata Lahadi aka ce kowa ya zo ya karɓi sabon kuɗi. Suka yi layi, aka ba kowane mutum daidai da na ɗan'uwansa, mai shara da mai masana'anta. Washegari da safe kantunan da suka yi shekaru babu komai sai ga su cike da kaya, har da takalma. Ya ce ya tsaya gaban wani kanti yana kallon takalma kamar baƙauye ya shigo birni. Ba a jima ba ya samu aiki a bankin da ke fitar da sabon kuɗin. A lokacin wani suna bankin yake da shi, daga baya aka yi doka ya zama babban bankin ƙasa. Ya ce kuma ranar da aka haɗe Jamus biyu, yana zaune gaban talabijin ya ga motoci suna kai mak gabas, inda ƙanwarsa ta tsufa ba tare da ya ga girman 'ya'yanta ba. Nan ya tsaya ya goge tabarau.

Sarrafin ya tambaye shi wane aiki yake yi a bankin. Ya ɗauka zai ce ƙirga ko lissafi.

Tsohon ya ce a'a. Shi ɗakinsa na kuɗin da suka lalace ne. Manomi ya ɓoye kuɗi a murhu, sanyi ya zo an hura wuta. Saniya ta tauna jakar mai ita. Tsohuwa ta binne a lambu, ruwa ya shiga. Duk sai a turo musu. Ya ce, "Mutum ya aiko da toka, ni kuma in nemo masa kuɗinsa a ciki."

Sarrafin ya dube ni, na dube shi. Shi ya fara magana: "Ya Hajji, faɗa musu mana."

Na faɗa. Muhandis ya juyo da jan wuyansa ya ce, "Tun yaushe?" Na ce an yi watanni. Ya ce, "Kullum muna cin ful tare, ka rufe bakinka? Wallahi kai mushkila ne." Tsohon kuwa tambaya ɗaya ya yi: an zubar da tokar? Na ce a'a, tana cikin gwangwani. Ya ce kada kowa ya girgiza gwangwanin, gobe zai zo.

Da na gaya wa matata ta ce, "Ma'aikacin banki? Masu cin riba za ka shigo mini da su gida?"

Na ce, "Tsoho ne, ya girmi babanki. Kuma shi toka yake dubawa."

Can ta ce, "Suna cin tuwo?"

Tuwon shinkafa ta yi da miyar taushe. Tsohon ya zauna a kan darduma da ƙyar, ɗansa ya jingina masa matashi. Ya ci sosai, yaji ya sa shi hawaye, ya ƙi a rage masa. Da aka kwashe kwanuka ya wanke hannu har gwiwa kamar mai alwala, ya ce a kawo farin ƙyalle, da auduga, da hantsaki idan akwai. Matata ta kawo nata. Sannan ya nuna fanka da na'urar sanyi ya ce a kashe duka, iska maƙiyiyar aikin ce. Muka rufe taga. Cikin ɗan lokaci gumi ya jiƙe mu, shi da laktayensa ko a jikinsa.

Matata ta ja mayafi ta tsaya bakin ƙofa. Ya yafito ta da hannu. Ta dube ni, na ce ta zo ta zauna. Ya buɗe gwangwanin a hankali. Hannunsa yana rawa lokacin da yake cin tuwo, na lura, amma da ya kama hantsakin sai rawar ta ragu. Ya dinga ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya, yana zura bakin wuƙa mai siriri tsakaninsu, yana kwantar da kowace a kan ƙyallen. Ko ɗan ɓarɓashin da ya faɗi ba ya bari, sai ya ɗauke shi ya ajiye kusa da uwarsa. Ya ce ƙa'idarsu ita ce idan abin da ya rage na takarda ya wuce rabi, za a ba da sabuwa.

Maganarsa sai ta bi ta baki biyu kafin ta isa wurin matata: shi ya faɗa wa ɗansa, ɗan ya faɗa mini da Larabci, ni in juya mata da Hausa. Ya tambayi yadda aka yi. Ta faɗa kanta a sunkuye. Ya ga tabon da ke yatsunta, ya ajiye hantsakin. Ya ce in gaya mata, a duk shekarun da ya yi a ɗakin nan, yawancin waɗanda suka zo masa da ƙonannun kuɗi mata ne, suna kuka suna cewa su suka yi. Amma da ya bincika sai ya tarar miji ne ya rasa inda zai ajiye kuɗi sai kusa da wuta. Ya ce ita kuwa ta yi abin da ba kowa ke yi ba, ta tsamo su, ba ta murza ba, ba ta zubar ba. Da ta bar su ɗan lokaci kaɗan, da babu abin da zai duba.

Na juya mata. Ta ce, "Ka faɗa masa ni na ajiye su cikin zane, ba kai ba."

Na mayar. Ya ce, "To wa ya ba ta ajiyar, bai saya mata akwatin ƙarfe ba?"

Matata ta fashe da dariya, ta rufe baki da mayafi. Rabona da jin dariyar nan tun kafin Juma'ar. Muhandis ma ya dinga nuna ni da yatsa yana cewa, "Halas, ya Hajji, an yanke maka hukunci."

Da ya gama ya shimfiɗa auduga a cikin kwalin dabino, ya jera takardun, ya rufe, ya ɗaure da zare. Ya rubuta bayani na sa hannu. Ya ce da kansa zai kai tsohon ofishinsu, yaran da ya koyar suna nan. Bai yi mana alkawarin komai ba. Da za su tafi matata ta ba shi kwalbar humra, ta ce ya kai wa ƙanwarsa ta gabas. Ya karɓa da hannu biyu ya ɗan rusuna. Ranar da na kai shi filin jirgi, kwalin dabinon yana kan cinyarsa, bai yarda an sa shi cikin kaya ba.

Sai da Muhandis ya je hutu ya dawo muka ji labari. A mota ya miƙo mini ambulan, sababbin takardu ƙal a ciki. Ya ce an biya duka ban da guda ɗaya, wadda abin da ya rage nata bai wuce rabi ba. Wai tsohon ya ce a ba mu haƙuri ƙwarai, ya duba da kansa ya sake dubawa, yaran suna da gaskiya, shi ma da yana kan kujerar haka zai yi. Muhandis ya ce abin ya dame shi har ya kasa cin abinci ranar. Na ce ya gaya masa mun yafe wa bankin.

Da yammar nan, tun ina matattakala na ji ƙamshi.

Kuɗin nan su suka yi rufin gidan Damagaram. Na ci gaba da sayen mak har aka gama ginin, duk suka koma siminti da ƙofofi. Bayan wasu shekaru aka fara maganar ƙasashen Turai za su haɗa kuɗi, su kira shi yuro. Muhandis ba ya son zancen. Yakan ce bankin babansa zai ci gaba da zama, amma hukunci ya koma hannun wani sabon banki na Turai duka, a gari ɗaya da na babansa. Ya ce a kansa ya san abin yana da amfani, amma cikinsa ya ƙi yarda. Tsohon bai ga yuro a hannunsa ba, ya rasu kafin takardun su fito. Na kai Muhandis filin jirgi zai je jana'iza. Da zai sauka na ce masa babansa mutumin kirki ne. Ya ce, "Ya tambaye ka a waya. Ya ce ko ka sayi akwatin." Na ce na saya tuntuni.

Daga baya ya gaya mini bankin ya ce duk mai tsohon mak ya kawo a canza masa, babu ranar rufewa. Ni dai ba ni da ko ɗaya. Wani lokaci ina jin haushin da ban rage wa matata shuɗiyar nan guda ba.

Kafilina ya tsufa, 'ya'yansa suka sayar da kamfanin, Muhandis ya koma gida. Ni na koma kai yaran unguwa makaranta, har gwiwa ta ce ta gaji. Layin sarrafai na Balad ya zama shaguna masu gilashi da lambar jira, kuma yaran yanzu ta waya suke aika kuɗi gida. Gidan Damagaram wani malamin makaranta ne a ciki da iyalinsa. Matata ta ce ba za ta bar jikokinta a Jidda ta tafi ba, ni ma ban matsa ba.

Jaririyar nan da ta faɗo daga katifa yanzu uwa ce. Hausarta a kunne take, idan na yi mata magana da Hausa sai ta amsa da Larabci. Ita ta yi ta bincike a waya har ta gano 'yar Muhandis, suka shirya mana kira mai hoto. Cikin sanyin bara ne, da hantsi. Aka nuno shi a kujera, a gidan kula da tsofaffi, bargo a kan gwiwa. Ya rame, wuyan ya yi fari. 'Yarsa ta gargaɗe mu cewa mantuwa ta kama shi, wataƙila ba zai gane ni ba.

Na ce, "Salamu alaikum, ya Muhandis."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ya Hajji. Kef hal?"

Larabcin ya gudu ya bar masa 'yan kalmomi. Ya ce, "Khumra?" Na ce Khumra ta cika, gidaje da gadoji ko'ina, da zai zo yau sai ya ɓata. Ban san nawa ya gane ba, amma yana ta gyaɗa kai. Ya tambaya ko akwai zafi, na ce akwai, kamar kullum. Matata ta leƙo ta gaishe shi da Hausa, ya ɗaga mata hannu. Ina cikin ba shi labarin wani ɗan Yaman da muka yi aiki tare, sai na ga kansa ya langaɓe, barci ya ɗauke shi. 'Yarsa ta ba mu haƙuri, ta ce haka yake yi yanzu. Na ce ta bar shi, kada ta tashe shi, ta ɗan bar mana wayar a kunne.

Muka zauna muna kallonsa yana numfashi a hankali. Jikana ya hau cinyata ya kai yatsa kan gilashin, ya nuna tagar da ke bayan kujerar. Ya ce da Larabcinsa, "Jaddi, kakana, mene ne wancan farin da ke zubowa?"

Na ce masa ƙanƙara ce. Ya ce a kai shi ya taɓa.